Da wane ma'auni ƙasa ke samun ƙarin yanki a ƙarƙashin teku?

Ɗan Zazzau:
Salamu alaikum. An sanar cewa Najeriya ta samu ƙarin yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 16,300 a Mashigin Gini, gaba da mil 200 da ƙasashen gaɓar teku ke da shi. Don Allah masana su warware mana: da me ake auna wannan iyaka? Me ya sa takardun da aka miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2009 ba su samu amsa ba sai 2023? Kifin da ke ruwan wurin ya zama namu ke nan?

Mai Awon Teku:
Wa alaikumus salam, Malam. Majalisar Ɗinkin Duniya ba rabon ƙasa take yi ba. Ƙasa ce ke kawo hujjar cewa doronta ya zarce cikin teku fiye da mil 200, bisa sashe na 76 na Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982. Mil ɗin teku ɗaya mita 1,852 ne.

Komai ya rataya ne a kan wuri ɗaya: gindin gangare. In ka bar gaɓa, ƙasan teku na tafiya a kwance, sai ta gangara da ƙarfi, sannan ta sake kwantawa. Inda gangarar ta fi karyewa a can ƙasa, nan ne gindin. Daga nan akwai hanya biyu, kuma ƙasa na ɗaukar wadda ta fi kai ta nesa a kowane wuri. Ko dai a ƙirga mil 60 daga gindin, ko a bi kaurin laka: a tsaya a wuri mafi nisa inda kaurin lakar da ta taskare ya kai kashi 1 cikin 100 na tazararsa zuwa gindin. Wato wurin da ke kilomita 150 daga gindin gangare sai an samu laka mai kaurin kilomita ɗaya da rabi a ƙarƙashinsa. Wannan hanyar ta fi yi wa ƙasashen da ke bakin manyan koguna daɗi, irin Kwara da ke zuba yashi da laka cikin teku shekaru miliyoyi.

Sannan akwai birki. Layin ba zai wuce mil 350 daga gaɓa ba, ko mil 100 daga inda zurfin ruwa ya kai mita 2,500. A kan dogayen tuddan ƙarƙashin teku kuwa, mil 350 ɗin kaɗai ke aiki. Tazarar da ke tsakanin kowaɗanne ɗigo biyu na layin kada ta haura mil 60.

Injiniya Mai Laka:
Ranka ya daɗe, bari in ɗora a kan inda aikin ke lalacewa, don nan ne amsar jinkirin take.

Ba a ganin kaurin laka da ido. Jirgi ne ke jan doguwar igiya mai na'urorin sauraro, yana harba ƙarar iska cikin ruwa, a naɗi lokacin da amon ya ɗauka kafin ya dawo daga dutsen da ke ƙarƙashin lakar. Abin da aka samu daƙiƙa ne, ba mita ba. Sai an san saurin sauti a kowane hawa na lakar kafin a mayar da shi zurfi. In aka zuzuta saurin, kaurin ya kumbura, ɗigon ya tafi inda bai cancanta ba. Dole kuma a nuna cewa lakar ba ta yanke ba daga ɗigon har zuwa gindin gangare.

Matsala ta biyu zaɓen gindin kansa. Inda laka ta zabtare ta yi matakala, sai ka ga karyewa uku ko huɗu a layi ɗaya, kuma kowace ƙasa ta can waje take so. Gindin in ya matsa mil 10 zuwa gaɓa, layin mil 60 ɗin ma ya bi shi.

Masu dubawa kuma mutum 21 ne kacal, masana ƙasa da awon teku, suna zama a New York, kowace buƙata a ba ƙaramin kwamiti na mutum 7. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar da wuri wa'adinsu 13 ga Mayu, 2009 ne, sai takardu suka zo a tare kamar ranar kasuwa. Najeriya ta miƙa nata a watan, ta kawo gyara a 2016. Rasha, wadda ta fara miƙawa a 2001, an nemi ta ƙaro hujja kan tekun Aktik, ta dawo a 2015, amsa sai 2023.

Lauya 'Yar Kano:
Yayana Ɗan Zazzau, kifin dai ba namu ba ne. Bayan mil 200 ruwan da ke saman ƙasan tekun na kowa ne, jirgin kowace ƙasa na iya ratsawa, ya kuma yi su bisa ƙa'idojin duniya. Abin da sashe na 77 ya ba ƙasa shi ne mai, iskar gas, ma'adanai, da halittun da ke manne da ƙasan teku irin su kawa.

Ba kyauta ba ne kuma. Sashe na 82 ya ce bayan shekara biyar ana haƙa a wuri, a shekara ta shida za a biya kashi 1 cikin 100 na abin da aka haƙo, yana ƙaruwa da kashi ɗaya duk shekara har ya tsaya a 7 a ta goma sha biyu. Kuɗin na bi ta Hukumar Ƙasan Teku da ke Kingston a Jamaika, a raba tare da fifita ƙasashe matalauta da marasa gaɓa, irin su Nijar da Chadi. Ƙasa mai tasowa da ke shigo da wannan ma'adinin fiye da yadda take fitarwa an ɗauke mata.

Ɗan Zazzau:
Madalla, Hajiya. To in maƙwabta biyu suka nuna wuri ɗaya fa?

Lauya 'Yar Kano:
Masu dubawar ba sa taɓa wurin da ake jayayya sai duk ɓangarorin sun yarda, don ba alƙalai ba ne. Shi ya sa maƙwabta kan rubuta takardar cewa ba su da ja tun kafin a fara. Raba iyakar sai ta sulhu ko kotu: Ghana da Kodibuwa sun je kotun teku ta Hamburg, ta ja musu layi a Satumbar 2017 har gaba da mil 200. Ko bayan an samu shawarar masanan ma, sai ƙasar ta tsayar da iyakar da kanta bisa shawarar, ta ajiye taswira da lambobin ɗigo wurin Babban Sakataren Majalisar. Iyakar da aka tsayar haka ita ce yarjejeniyar ta ce ta zama ta ƙarshe.