Wai ƙarfe ya fi mutum hankali?

Sadiku: Jama'a ku ji takaici. Wata takwas ke nan ina aiki gefe da gefe da hannun mutum-mutumi a wata masana'anta nan Jamus, ƙirar KUKA da ake kira LBR iiwa. Gaɓoɓi 7 gare shi, kowace da na'urar jin matsi, da ya ɗan shafe ka sai ya tsaya cak. Babu keji tsakaninmu, ko ƙwarzane bai taɓa yi min ba. Amma jiya ɗan Adam mai jini a jika ya sako min akwati a ƙafa, ko sannu babu. Wallahi ƙarfen nan ya fi wasu hankali.

Malam Nuhu: Subhanallah. Hankali? Baiwar da Allah ya karrama ɗan Adam da ita za ka jingina wa ƙarfe? Ka janye, Sadiku.

Ummi: Malam, ai nufinsa abin yana aiki a hankali.

Malam Nuhu: Ba haka ya rubuta ba, 'yata. Koma ki karanta.

Injiniya Bala: Lissafi ne kawai. An ƙayyade masa gudu da ƙarfin da ba zai wuce ba, tun 2016 ma akwai ƙa'idar ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, da ta fayyace matsin da kowane sashen jiki zai iya ɗauka. Ɗaura masa wuƙa ka ga ko hankalin zai hana ta yanka.

Ɗanlami: Jakin kakana ma in ya ga rami togewa yake. Shi ma mu ba shi digiri?

Ummi: Ai jaki ya fi wasu a nan.

Ɗanlami: Da wa kike?

Malam Nuhu: Ba a Jamus ɗin ba ne irinsa ya kashe ma'aikaci a Volkswagen a 2015?

Injiniya Bala: Wancan babba ne na cikin keji, Malam, ba jinsinsu ɗaya ba. Kuma Sadiku, rage kurin Jamus. Universal Robots na Denmak sun fara sayar da nasu hannun mai aiki kusa da mutane, UR5, tun 2008, naka ya zo daga baya.

Sadiku: UR5 gaɓa 6 ne, Injiniya. Ka taɓa ganinsa ido da ido, ko a YouTube?

Ɗanlami: Kowane zance sai ya cusa mana Jamus. Mun ji, kana Turai.

Sadiku: Hassada ce. Ƙafata fa a kumbure take, ba wanda ya ce sannu.

Ɗanlami: Ummi, har yanzu ina jiran amsa.

Malam Nuhu: To, a taƙaice dai kowa ya yarda ƙarfe ba shi da hankali, Injiniya ma ya tabbatar, ga kuma abin da ya faru a Volkswagen. Saura Sadiku ya janye kalmarsa.

Injiniya Bala: Ni ban ce a haɗa da Volkswagen ba fa, Malam.