Neman shawara: injin banda na kuran yana faɗar da dijonktar, ƙofarsa kuma tana fizga

Mai tambaya, daga unguwar Birni, Damagaram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar wuta ku taimaka mini. Sana'ata bandar kaji da zabi a gida, ina kai wa masu biki da suna. Ina da injin banda na kuran, irin mai tsayin ƙaramin firigo, mai ragar jera nama hawa-hawa, a ƙasa kuma ƙarfen da ke yin zafi da ɗan tiren zuba itace. Na hannu na saye shi. A bayansa an rubuta 220 zuwa 240 V, 1500 W.

Duk damina yana ɗakin ajiya. Da aiki ya dawo muka fito da shi, muka wanke tas, na jera kaji na kunna. Ya ɗauki zafi lafiya lau, hayaƙi ya fara tashi, can sai dijonktar, wato makatsin wuta na wajen kontar, ya faɗi, gida ya yi ɗif. Na tayar, bai jima ba ya sake faɗuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da na kama mariƙin ƙofar, ba takalmi a ƙafata, na ji ya fizge ni har gwiwar hannu. Wani yaro a unguwa ya ce in bari ya cire wayar ƙasa daga filogin, dijonktar ba zai ƙara faɗuwa ba. Raina bai kwanta ba. Ga aikin biki na karɓa, ga yara suna kai-komo a tsakar gida. Me kuke gani?

Mai shago a Kasuwar Dole:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai ina zargin ƙarancin wuta ne. Mu ma nan da yamma fanka da ƙyar take juyawa. Ki nemi regilatar ki haɗa masa, in sha Allahu zai daidaita.

Mai gyaran wutar gidaje, Sabon Gari:

Hajiya, kafin komai ki zare filogin daga priz, ki naɗe wayar ki ɗora sama inda yaro ba zai kai ba. Kada a sake kunna shi, ko don gwaji, sai an auna. Kuma ki gode wa Allah da ranki ya ƙi maganar yaron nan. Wayar ƙasa ita ce hanyar da wutar da ta tsere take bi ta tafi, dijonktar ya ji ta ya yanke. In aka cire ta, wutar ba ta daina tserewa ba, tana nan zaune a jikin ƙarfen injin tana jiran wanda zai taɓa, ta bi ta jikinsa zuwa ƙasa. Ke kin ji ta da ƙafa busasshiya. Yaro mai jiƙaƙƙen hannu a kan siminti mai laima, labarin daban ne.

Alhaji mai shago, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Ƙarfen zafi ba irin injin firigo ba ne da yake ƙara jan wuta in ta yi rauni. Shi in wuta ta ragu, abin da yake ja ma raguwa yake. In ta sauko daga 220 zuwa 180, injin 1500 W zai koma kamar na 1000 W, nama ya daɗe bai nuna ba. Wannan kan faru, amma ba ya faɗar da dijonktar, kuma ba ya sa ƙofa ta fizgi mutum.

Abu biyu ke faɗar da dijonktar: kaya ya yi masa yawa, ko wuta tana yoyo zuwa ƙasa. Injinki shi kaɗai yana jan kusan ampiya 7. In kontar ɗinku ta ampiya 10 ce, ga firigo ga dutsen guga, an wuce iyaka. Amma tunda ya fizge ki, na fi karkata ga yoyo. Ina da tambayoyi. Da kuka wanke shi, kun kwara ruwa a ciki ne ko goge shi kuka yi? A priz na bango kika soka shi ko ta ralonj, wato doguwar wayar jawo wuta? Lokacin da ya faɗi, me da me ke kunne a gidan?

Mai tambaya:

Na gode Malam, na zare shi tun ɗazu. Wanki kam da bokiti da soso aka yi, don maiƙo ya daskare a ƙasansa. Mun bar shi a rana ya sha iska kafin a kunna. Ta ralonj nake jawo wuta daga falo zuwa tsakar gida. A karo na biyu na kashe firigo da komai, shi kaɗai ne, kuma ya faɗi.

Mai gyaran wutar gidaje, Sabon Gari:

To magana ta fito. Tunda shi kaɗai ma ya faɗar, ba yawan kaya ba ne.

Bari in gaya miki yadda ƙarfen nan yake, wanda muke ce wa rezistans, don ki gane abin da mai gyara zai yi a gabanki. Bututu ne na ƙarfe, a tsakiyarsa akwai siririyar waya mai yin ja in wuta ta bi ta, an cika tsakaninsu da wani farin gari da ke hana wayar taɓa bututun amma yana barin zafi ya wuce. Aibin garin nan ɗaya ne, yana shan laima. Injin ya kwana a ɗaki cikin ruwan Agusta, sannan aka kwara masa ruwa. Rana ta busar da bayansa, cikin bututun kuwa ba ta kai ba. Shi ya sa dijonktar ba ya faɗuwa nan take. Sai tsakiyar ƙarfen ya yi zafi, ya koro laimar zuwa bakunan bututun biyu da ba sa zafi sosai, ta taru a can, wuta ta samu gada zuwa jikin injin.

Ki kira mai gyara wanda yake da multimetir, na'urar awon wuta, a jakarsa. Wanda ya zo da sukurdireba mai ɗan haske kaɗai, ki sallame shi da godiya. Filogi a zare, zai buɗe murfin baya ya cire wayoyi biyu daga bakin rezistans. Awo na farko tsakanin bakunan biyu: na 1500 W a wutar 220 zuwa 240 ya kamata ya nuna om 32 zuwa 38 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke turje wa wuta). In bai nuna komai ba, wayar ciki ta tsinke. Awo na biyu shi ne mai muhimmanci a matsalarki: daga baki ɗaya zuwa jikin bututun. Nan bai kamata a ga hanya ba sam. Sai dai multimetir da ɗan batir yake awo, yakan ce lafiya alhali akwai yoyo. Wanda ke faɗin gaskiya shi ne mega, mai tura volt 500. Masu naɗin injin famfo da masu gyaran firigo sukan ajiye shi. In ya nuna ƙasa da om miliyan 1, rezistans ɗin bai cancanci a sa masa wuta ba.

Ya duba kawunan wayoyin da ke maƙale a bakin rezistans ma. A injin banda nan ne wurin da ya fi lalacewa, domin romon nama mai gishiri yana gangarowa can, ya ci ƙarfen, haɗin ya saki, ya riƙa zafi har ya ƙone rigar wayar, tsirarar waya ta jingina da bango.

Wata mai kilishi, Zango:

'Yar'uwa, su suna ta maganar injin, ni kajin nake tunani. Ina kika kai waɗanda wuta ta yanke musu a tsakiya? Kaza in ta ɗumama ba ta nuna ba, ta fi ɗanya saurin lalacewa, balle a zafin Damagaram. Kada ki bar su a cikin injin da ƙofa rufe kina jiran gyara. Ki hura gawayi ki ƙarasa su yau, ki tsaga cinya ki ga ba ja a jikin ƙashi. Aikin bikin kuma ki fito da rabin ganga da raga, yadda iyayenmu suke yi. Mutane ba za su tambaye ki da me kika yi ba, daɗi za su tambaya.

Ma'aikaciyar lafiya:

Gaskiyar Yaya ce. In kina da ma'aunin zafin nama, ki soka a tsokar cinya, sai ya kai digiri 74 kaza ta nuna. Wadda ta wuce awa 2 a ɗumi-ɗumi ba ta dahu ba, a zubar, kada a kai wa mutane. Ke kuma in kin ji bugun zuciya ya canza ko hannun ya yi sanyi tun fizgar nan, ki je a duba ki.

Mai gyaran firigo da kilim:

Na yarda da duk abin da Malam na Sabon Gari ya faɗa, ƙari ɗaya zan yi. Ba kullum ake jefar da rezistans mai laima ba. In bututun bai tsage ba, bai kumbura ba, akan kwance shi gaba ɗaya a sa a tandun gas ko na burodi da ya fara hucewa, wajen digiri 120 zuwa 150, ya yi awanni, laimar ta fita, a sake aunawa. Na sha ceto su haka. Amma a kwance shi daga injin. Akwai masu cire wayar ƙasa su kunna shi wai ya busar da kansa, wannan wasa da rai ne.

Sai ralonj. Yawancin na kasuwa rigar ce mai kauri, tagullar ciki 'yar siririya, kuma waya biyu ce, babu ta ƙasa. Ki taɓa ta bayan aiki, in da ɗumi ta yi wa injin kaɗan. In babu wayar ƙasa a cikinta, to shi ya sa wutar ta zaɓi hannunki.

Wani ɗalibi:

Ni ma ina da tambaya a kan wannan, ku yi haƙuri. Yayana ya aiko wa mahaifiyarmu irinsa daga Amurka, an rubuta 120 V, 800 W. Ana sokawa ya yi ƙara, allon lambobinsa ya mutu. Yana gyaruwa?

Mai gyaran firigo da kilim:

Ƙanena, naku daban ne. Wutar Amurka 120 ce, tamu 220, kusan ninki biyu, kuma zafin da rezistans zai yi ya haura ninki uku. Galibi ƙaramin transfo na allon ne ke fara ƙonewa. A auna rezistans ɗin, na 800 W a 120 yana nuna om 18. In ya tsira, a gyara allon ko a sa tarmosta, mai daidaita zafi, na murɗawa, sannan a nemi transfo mai sauko da wuta wanda ya kai 1500 W. Ƙananan na cajin aski ba za su ɗauka ba.

Mai tambaya:

Salamu alaikum, na dawo da bayani. Kajin na ƙarasa su a gawayi tun ranar, Yaya na gode. Hannuna lafiya lau, alhamdu lillahi.

Mai gyara ya zo da na'urorinsa. Da ya cire murfin baya, abin da muka gani ya ba ni tsoro: zanzaro ya gina gidan laka a kan wayoyin, laka ta jiƙe ta zama taɓo, kan waya ɗaya ya yi baƙi ƙirin, yana taɓa shi ya marmashe a hannunsa. Tsakanin bakunan ya samu om 34. Daga baki zuwa jikin bututu kuma ko da multimetir ɗin ma ya nuna akwai hanya. Da ya kwance ƙarfen ya kankare tokar da ta manne a ƙarƙashin tiren itace, sai ga tsaga siririya kamar gashi. Ralonj ɗin ma ya yanka kanta ya nuna mini, waya biyu ce. Yanzu ya ce a sayi sabon rezistans, amma wanda ya gani a kasuwa na 2000 W ne, na tandun burodi. In saya?

Mai gyaran wutar gidaje, Sabon Gari:

Madalla da wannan mai gyara, Hajiya, ki riƙe shi. Tunda akwai tsaga, maganar busarwa ta ƙare, ko an busar zai sake sha.

Na 2000 W kada ki saya. Zai ja sama da ampiya 9, wayoyin cikin injin da tarmosta ba don haka aka yi su ba, kuma itacen zai riƙa kamawa da wuta maimakon ya yi hayaƙi. Banda zafi kaɗan take so, wajen digiri 105 zuwa 120, na dogon lokaci. A nemi na 1500 W, ko ƙasa kaɗan kamar 1200, mai wutar 220. A ba direbobin Kano ko na Maraɗi tsohon su tafi da shi, don lanƙwasarsa da ramukan kusoshi su dace. Kada a lanƙwasa sabo da hannu don ya shiga, nan ake tsaga shi.

Kawunan wayar a sa sababbi, a matse da filaya, kada a yi musu dalma don zafi zai narkar da ita. Guntun wayar da ya ƙone a canza da mai jure zafi, irin ta cikin dutsen guga, ba wayar gida mai rigar roba ba. Akwai ɗan fizibil na zafi a jikin bangon, mai yanke wuta in zafi ya yi yawa, in ya mutu a sa irinsa, kada a haɗe shi da waya.

Sannan ki sa a jawo miki priz na kansa zuwa tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, da waya uku mai kaurin 2.5, a kafa sandar ƙasa ta gaske, a sa masa ɗan dijonktar mai jin yoyo na miliampiya 30. Babban na wajen kontar sau da yawa sai yoyon ya yi yawa yake ji, shi ya sa ya bari har kika sha fizga. Ƙasarmu yashi ce busasshiya, sanda ba ta kamawa da kyau, don haka a kafa ta inda ruwan wanke-wanke ke bi, a auna ta kafin a rufe.

Wanki daga yau: ki fitar da raga da tire ki wanke su a waje, cikin injin kuma tsumma mai ɗan laima ya isa. Ki shimfiɗa takardar alminiyom a tiren da ke tare maiƙo, ki zubar da toka bayan kowane aiki.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, Malam. Na ba da tsohon ƙarfen a tafi da shi Kano, mai gyara kuma zai fara jan wayar priz gobe da safe. Aikin bikin a ganga zan yi shi.