"Ɗan Gata Aka Kawo Mana": Cece-kucen Farkon Fabrairun 2024 Kan Sabon Mai Tsara Harin Pittsburgh Steelers, Ƙungiyar Ƙwallon Amurka ta Gasar NFL

Baƙin Ƙarfe: Salamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da ni, abin nan tun jiya yake cina, in ban amayar da shi ba barci ba zai ɗauke ni ba. Kusan kaka uku muna kuka da Matt Canada, tsohon mai tsara harinmu. Wasa 58 a jere Steelers ba ta haɗa yadi 400 na ci gaba da ƙwallo a wasa ɗaya ba, akasarinsu kuma a hannunsa. Aka sallame shi a Nuwamban 2023, wasan farko bayan tafiyarsa muka yi wa Bengals yadi 421. Muka ce to Alhamdu lillahi, bana za a nemo mana mai sabon tunani, wanda ya san harkar jifa ta zamani. Sai ga babban kocinmu Mike Tomlin ya ɗauko mana Arthur Smith a matsayin mai tsara kai hari. Mutumin da Atlanta Falcons ta kora wata ɗaya bai cika ba! Kaka uku ya yi yana babban koci a can, kowace kaka ci 7 faɗuwa 10. An ba shi Kyle Pitts, an ba shi Drake London, an ba shi Bijan Robinson, duk cikin goman farko aka zaɓo su a zaɓen sababbin 'yan wasa, ya rasa yadda zai yi da su. Ciwonmu jifa ne. Kenny Pickett, kwatabak ɗinmu mai jifan ƙwallo, tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki) 13 kacal ya jefa a kaka biyu. Shi kuwa wannan ba abin da ya iya sai a danƙa wa mutum ƙwallo ya yi ta karo da bango. Ina zaune a Kano na hana idona barci har bayan ƙarfe ɗayan dare ina kallon Bills tana cin mu 31 da 17, sakayyata ke nan? Ɗan gata aka kawo mana, wallahi, ɗan gata.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Malam, duk na ji, amma ka janye kalmar "ɗan gata". Ba ta dace ba.

Baƙin Ƙarfe: In janye saboda me? Ubansa Fred Smith ne, wanda ya kafa FedEx. In wannan ba ɗan gata ba ne, to waye?

Baban Sadik: Ɗan mai kuɗi daban, ɗan gata daban. Kai ma Bahaushe ne, ka san haka. Ɗan gata shi ne wanda ake dafawa a ba shi a baki, in ya yi laifi a ce yaro ne. Wannan bawan Allah ya shiga Tennessee Titans a 2011 a ƙaramin aiki, irin na masu zaman yanka faifan wasa har tsakar dare. Manyan kociyoyi huɗu ya yi wa aiki: Munchak, Whisenhunt, Mularkey, Vrabel. Kowa ya zo yakan share mutanen wanda ya gada, amma shi aka riƙa barinsa. Shekara takwas kafin ya samu kujerar tsara hari a 2019. Wane ɗan gata ne zai jure wannan alhali yana iya kwanciya a gida ya ci har jikokinsa?

Hankakan Baltimore: To ai kai ka faɗa da bakinka, "aka riƙa barinsa". Me ya sa ake barinsa? Wa zai kori ɗan mai FedEx?

Baban Sadik: Falcons ta kore shi ai.

Hankakan Baltimore: Bayan shekara uku. Da ɗan talaka ne, shekara biyu ma ba zai kai ba.

Anti Bilki: Ni dai abin da na sani, aikinsa na farko a NFL a ƙungiyar Washington ya same shi, a 2007. Lokacin mahaifinsa yana da hannun jari a ƙungiyar, filin wasansu ma sunan FedEx yake ɗauke da shi. Baban Sadik, ka tsallake wannan ka fara mana lissafi daga 2011. Ban ce bai yi aiki ba daga baya, amma ƙofar farko buɗe masa aka yi. Akwai dubunsa da suka fi shi sanin wasa, suna can suna horar da yaran sakandare har tsufa, ba wanda ya san da su.

Baƙin Ƙarfe: Allah Ya saka da alheri Anti. Magana ta ƙare.

Baban Sadik: Ba ta ƙare ba. Hajiya, da girmamawa, abin da kika kawo gado ne, ba gata ba. Ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, ba a ce masa ɗan gata. Kyle Shanahan ɗan Mike Shanahan ne, ga shi ranar 11 ga Fabrairun nan na 2024 zai kai 49ers wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a Las Vegas. Shi ma ɗan gata ne?

Anti Bilki: Uban Shanahan koci ne, gadon sana'a ya yi. Uban Smith ɗan kasuwa ne. Ka ga kuwa misalinka ni ya taimaka. Me ya gada in ba alfarma ba?

Ɗan Damagaram: Alfarma kuma wata kalma ce ta uku. Ku tsaya a kan ɗaya. A wajenmu in an ce ɗan gata ba zagi ba ne. Maraya ma in ya samu mai riƙe shi da kyau sai a ce ya samu gata. Addu'a ma ake yi, Allah Ya zama gatanka. To ina laifin gata?

Baƙin Ƙarfe: Ɗan'uwa, kada ka juya min magana. Kowa a nan ya san abin da nake nufi.

Ɗan Damagaram: Ni ban sani ba. Kana nufin sangartacce? To faɗi sangartacce.

Baƙin Ƙarfe: To sangartacce. Ba ku ga wasan Smith na ƙarshe a Falcons ba? Saints ta ci su 48 da 17, ya taso tsakiyar fili yana yi wa kocin Saints Dennis Allen masifa a gaban kyamara don an ƙara musu tacdawun a ƙarshen wasa. Halin wanda bai saba a ce masa a'a ba ke nan.

Baban Sadik: Wannan kishi ne. Sun yi kamar za su durƙusa a gama wasa, sai suka zura. Ko ni ne sai na yi magana. Wanda ba ya jin ciwon a ci shi, shi ne bai cancanci Pittsburgh ba.

Alhaji na Bronx: Yara, ina karanta ku ina cikin mota ina jiran fasinja. Shekarata 26 a ƙasar nan. Lokacin da na zo, a wani ɗakin ajiyar kaya na fara aiki. Na yi shekara biyar ina ɗaukar kwali, ranar da gurbin shugaban sashe ya samu aka kawo ɗan abokin mai wurin, yaron da ni na koya masa aikin. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Saboda haka kada wanda ya ce min a Amurka ba a alfarma. Ana yi, sai dai a nan sunan kirki suke ba ta. Steelers ɗin ma kanta ba gidan gado ba ce? Tun 1933 tana hannun iyalan Rooney, daga kaka zuwa ɗa zuwa jika. Todd Haley da suka ɗauko a 2012 ya tsara musu hari, ubansa Dick Haley tsohon ma'aikacinsu ne, shi Todd ɗin ma kuma korarren babban koci ne daga Chiefs. Abin da suka saba ke nan.

Baban Sadik: Alhaji, Allah Ya huci zuciyarka, abin da aka yi maka zalunci ne. Amma kada mu ɗora wa Smith laifin wancan yaron. Kuma gidan gadon da kake faɗa kofin Super Bowl shida ne a cikinsa. Daga 1969 zuwa 2024 manyan kociyoyi uku kawai suka yi: Noll, Cowher, Tomlin. Wannan natsuwa ce.

Hankakan Baltimore: Natsuwa ko barci? Rabonku da cin wasan sili-ɗaya-ƙwale tun Janairun 2017.

Baƙin Ƙarfe: Kai kuma wa ya sa da kai? A kakar 2023 sau biyu muka haɗu da Ravens ɗinku, sau biyu muka ci ku, 17 da 10, 17 da 10.

Hankakan Baltimore: Na biyun kwatabak ɗinmu Lamar Jackson bai buga ba, hutar da shi aka yi don mun riga mun gama da kowa. Yaranmu na benci kuka ci kuke murna.

Baƙin Ƙarfe: To na farkon fa, a Oktoba? Yana ciki. Kuma hutun me ya amfana muku? Chiefs ta zo har gidanku ta ci ku 17 da 10. Lambar nan dai ta zame muku ƙarfen ƙafa.

Hankakan Baltimore: Mu a wasan ƙarshe na AFC, matakin dab da Super Bowl, muka faɗi. Ku tun a zaure aka tare ku.

Mai Gunners: Ni fa har yanzu ban gane abin da ya sa kuke kiran wannan abu ƙwallon ƙafa ba. Mutum ya rungume ƙwallo kamar kankana yana gudu, a yi daƙiƙa biyar a tsaya talla. Kuna ta faɗa a kan mataimakin koci, ba ma babban kocin ba.

Anti Bilki: Ƙanena, ba mataimaki ba ne irin wanda ka sani. A wasan nan duk motsi ɗaya sai an kira shi daga gefen fili. Mai tsara hari shi ke magana a kunnen kwatabak ta na'urar da ke cikin hularsa, ya ce ga abin da za a buga, jifa ko gudu, hagu ko dama, sau sittin ko fiye a wasa guda. Tomlin kuwa ta ɓangaren tsaro ya taso, saboda haka harin gaba ɗaya a hannun wannan mutum zai kasance. In ba ka sani ba ka tambaya.

Mai Gunners: Na ji Anti. Amma dai ba da ƙafa ake bugawa ba.

Ɗan Damagaram: Wa ya sako wannan cikinmu don Allah?

Mai Gunners: Wanda ya sako ka. Kai da ko ƙungiya ba ka da ita, bara Eagles, bana 49ers.

Ɗan Damagaram: Ƙarya kake yi min. Kawo inda na taɓa cewa ni ɗan Eagles ne. Cewa na yi Jalen Hurts ya burge ni, shi ke nan.

Baban Sadik: Ku bar wannan. Ni tambayata ga Baƙin Ƙarfe: a hannun wa Derrick Henry na Titans ya yi gudun yadi 2,027 da ƙwallo a 2020? A hannun wa Ryan Tannehill, wanda Miami ta yar, ya farfaɗo a 2019 har suka kai wasan ƙarshe na AFC? Gata ne ya yi wannan?

Baƙin Ƙarfe: Henry ne ya yi. Ka ba kowa Derrick Henry ka gani. Shi ma wani gatan ne, ya tarar da doki a ɗaure ya hau.

Baban Sadik: Subhanallahi. In ya ci gata ne, in ya faɗi halinsa ne. Henry ya shiga Titans tun 2016, me ya hana waɗanda suka riga Smith su kai shi yadi dubu biyu? Kuma a Atlanta wane kwatabak aka ba Smith? Matt Ryan da ƙarfinsa ya ƙare, sai Mariota, sai Desmond Ridder. Mu kuma a 2024 ɗin nan muna da mai gudu da ƙwallo Najee Harris, kaka uku a jere yana haura yadi dubu, ga Jaylen Warren. Wannan tsarin da mu ya dace.

Baƙin Ƙarfe: Kai dai tun fil azal duk abin da Tomlin ya yi daidai ne a wajenka. Lokacin Canada ma haka ka yi ta cewa a yi haƙuri, yaro.

Baban Sadik: Wa kake kira yaro? Na girme ka nesa ba kusa ba. Ina kallon tsohon ɗan wasanmu Jerome Bettis kana ina?

Baƙin Ƙarfe: Ba kai nake nufi ba, maganarka nake maimaitawa, da kake cewa Pickett yaro ne.

Baban Sadik: Ba haka ka rubuta ba. Kowa ya koma ya karanta.

Alhaji na Bronx: Baƙin Ƙarfe, ba shi haƙuri. Ko ba ka nufa ba, rubutun ya nuna haka. Yayanka ne.

Baƙin Ƙarfe: Don darajar Alhaji, Yaya ka yi haƙuri. Amma ɗan gata dai ban janye ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Na bi maganar tun daga farko, ga abin da na fahimta. An tabbatar cewa Arthur Smith daga ƙasa ya taso, kuma ba wanda ya iya musa aikin da ya yi a Tennessee. Kalmar "ɗan gata" ba ta samu hujja ba, shi kansa mai ita ya canza ta zuwa wata daga baya, ya kuma ba da haƙuri. Abin da ya faru a Atlanta rashin kwatabak ne, kusan kowa ya yarda da haka. Tomlin daga 2007 zuwa 2024 ɗin nan yake riƙe da ƙungiyar nan, bai taɓa gama kaka faɗuwarsa ta fi cinsa yawa ba, mutum irin wannan ba a koya masa zaɓen ma'aikaci. 'Yan Ravens kuma a riƙa bari sai an gayyace ku. Na rufe wannan batu.

Anti Bilki: Shugaba, ina maganar Washington da na kawo? Ko sau ɗaya ba ka ambace ta ba. Kuma "kusan kowa" su waye? Mutum ɗaya ne ya faɗa.

Baƙin Ƙarfe: Haƙurin "yaro" na bayar, Shugaba, ba na ɗan gata ba. A gyara.