Siffar filayen wasa: gwanintar zane ce ko saƙon gwamnati?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Tun lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar wata tambaya take damuna. An gina filin Al Bayt da siffar tantin Larabawa makiyaya, na Al Thumama kuwa da siffar hular da mazan ƙasar suke sawa. Shin masu zane ne suke nuna fasaharsu, ko gwamnati ce take magana ta bakin gini?

Injiniya Balarabe: Wa alaikumus salam, Malam. Gwamnati ce take magana, kuma ba yau aka fara ba. Filin Berlin da Werner March ya zana domin wasannin Olamfik na 1936 yana ɗaukar mutum wajen 100,000, an kuma lulluɓe shi da dutse domin duk wanda ya shiga ya ji nauyin mulkin da ya gina shi. Hitler yana son baƙi su ga Jamus mai ƙarfi da tsari, shi ya sa aka sauke allunan ƙyamar Yahudawa daga titunan birnin har aka kammala wasannin.

Hajiya Rabi: Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gasar cin kofin duniya ta Ajantina a 1978. Sojojin Janar Videla, shugaban mulkin sojan ƙasar a lokacin, sun gyara filin Monumental, aka buga wasan ƙarshe ana ta shewa, alhali kusa da wurin akwai makarantar sojan ruwa inda ake azabtar da waɗanda aka tsare a ɓoye. Ba na iya raba wannan kofi da waɗancan bayin Allah.

Malam Isiyaku: Hajiya, gaskiyarki, amma kada mu yi wa kowa kuɗin goro. Lokacin da Afirka ta Kudu ta sake fasalin filin Soccer City ya koma kamar ƙwarya domin gasar 2010, ƙasa ce da ta fito daga mulkin wariyar launin fata take gabatar da kanta ga duniya, kuma tana da haƙƙin yin haka. Ni damuwata tana kan abin da ke biyo baya. A Manaus ta Birazil wasa 4 kacal aka buga a gasar 2014, aka bar jiha da ɗawainiyar katafaren filin da ƙungiyoyin yankin ba sa iya cikawa.

Malam Habibu: Na gode ƙwarai. Injiniya, me za ka ce game da filin 974 na Katar, wanda aka haɗa da kwantenoni domin a iya kwance shi?