Kuɗɗin gidan matasa sun tsaya, gari ya rabu biyu: ku ba ni shawara

Ɗan Adar mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon magana, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni ɗan wani ƙaramin gari ne arewa da Tawa, kan hanyar Abalak, ba zan faɗi sunanshi ba. Na yi shekara 6 a Libiya ina aikin gini, biyu a Sabha, huɗu a Tirabulus. A Sabha ne wata rana anka kawo mini wani yaron garinmu, wanda ni na ɗauko ragon sunanshi daga kasuwa. Ya biyo ta Agadas a bayan Hilux, ƙafafunshi sun kumbura har takalmi ba ya shiga, leɓenshi duk ya tsage. Na ce mishi mi ya fiddo ka? Ya ce yaya, zama ya ishe ni. Wata biyu yana kwana ɗakina, ni ke ci da shi. Tun ranar nan maganar ba ta bar ni ba.

Da na dawo na iske abin da ya faɗa. Daga an gama girbin hatsi sai fada, shayi tun hantsi har dare, wasu ga tiramol. Sai munka zauna mu bakwai munka ce a gina gidan matasa: ɗaki biyu, rumfa, keken ɗinki huɗu, wurin koyon gyaran babur da waya, da filin balo. Ƴan bida na Abijan da Legas da Libiya sun yi ƙoƙari, an tara miliyan ɗaya da jikka 400. Mun buga tubali.

To ga matsalar. Ƙorama ta raba garinmu. Gabas Hausawa ne, can kasuwa take da masallacin Juma'a. Yamma Buzaye ne da ƴan gidajen Fulani. Filin da munka samu gabas yake. Mutanen yamma sun ce ko dala ba za su ba da ba. Da na ce to a duba wani fili, wasu ƴan gabas sunka ce in an tsallaka da shi a maido musu kuɗɗinsu. Ga damina na tahowa, tubalin na laka ne. Mi zan yi?

Tsohon mushen lakwal, Tawa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba mu labarin Sabha har da takalmi, amma ba ka gaya mana abu uku ba. Wa ya ba da filin, kuma akwai takarda daga meri, wato ofishin hukumar gari? Kuɗɗin suna hannun wa? Ku bakwai ɗin nan, nawa ne ƴan yamma? Ni na san amsar ta ukun tun kafin ka faɗa. Kun fara gini daga rufi. Ƙungiya ake fara kafawa, da dokokinta a rubuce, da shugaba, da ma'aji, a kai takardu ga hukuma a karɓi rasit. Kuma ka sani, dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta hana ƙungiyar ƙabila ko ta ɓangare. In kwamitinku duk gefe guda ne, ko ba ku rubuta haka ba, haka mutane za su karanta shi.

Ɗan Adar mai tambaya:
Mushe, da girmanka. Filin kawuna ne ya ba da shi sadaka, gaban shaidu, ba a buƙatar takarda tsakaninmu. Kuɗɗi suna wurina don ni kowa ya yarda da ni. Mu bakwai kuwa waɗanda munka yi bida tare ne, ba wai mun zaɓi ƙabila ba.

Tsohon mushen lakwal, Tawa:
Filin kawunka, kuɗɗi a aljihunka, kwamiti abokanka. To wane ne zai ce wannan gidan gari ne? Ko ni da nake Ba'adare ba zan sa dalata ba.

Ɗan yamma da ƙorama:
Ni ban san ko garinmu guda da mai tambaya ba, amma labarin kamar a gidanmu anka yi shi. Ni Buzu ne, baƙin Buzu, don na ga ana haɗa mu duka a buhu guda. Ba a tuna da mu sai ranar karo-karo. Da anka zo gina famfo a garinmu mun ba da kuɗɗi, mun ɗauki duwatsu da jakunanmu, aka kafa shi bakin kasuwa. Yau ƙannaina mata sai sun tsallaka, su tsaya layi, a ce su bari ƴan gari su ɗiba tukuna. Ƴan gari! Kakana a nan anka binne shi. Kuma ƙanena da ya je kallon balo, yaro ƙarami ya kira shi da sunan da kun sani, manya na zaune ba wanda ya tsawata. Tun 2003 doka ta hana bauta a ƙasar nan, amma bakin mutane ba a kai shi gaban alƙali. In ruwa ya sauka ƙorama ta kawo, wa zai bar ɗanshi ya tsallaka koyon ɗinki?

Ɗan bida, Abijan:
Kowa da kukanshi. Mu ma bara shanu sun shiga gonar babana ana saura kwana kaɗan a yanke hatsi, har yau ba a biya mu ba. Amma ba shi ya kawo ni ba. Ni abin da ya ishe ni shi ne karo-karo. Muna tura baro a Ajame cikin rana, mu aika, a ce masallaci, a ce makaranta, a ce motar asibiti. Ka koma gida bayan shekara biyu ka iske tubali ya zama tudun awaki. Malam, ka sa lissafi nan cikin zaure kowa ya gani. An tara miliyan ɗaya da jikka 400, to nawa ya rage?

Hajiya mai albasa, Galmi:
Ƙanena, duk cikin maganarka ban ji mace ko guda ba, alhali keken ɗinki ka ambata. Mu nan ƙungiyar adashenmu akwai Hausawa, akwai Buzaye, akwai Fulani, shekara da shekaru ba mu taɓa faɗa kan ƙabila ba, faɗanmu kan wadda ta makara da zubi ne. Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, mabuɗi uku hannun mata uku, ba ya buɗuwa sai gaban kowa. Ka bar maganar gini bana. Sayi keke biyu, a aje guda gabas guda yamma, a ƙarƙashin rumfar zana. In mutane sun ga ɗiyansu na ɗinka riga, su da kansu za su nemi ɗaki.

Tsohon mushen lakwal, Tawa:
Hajiya, wannan raba garin ne da hannunki. Keke gabas, keke yamma, gobe kuma balo gabas, balo yamma. Mu mun ga zamanin Samariya, ƙungiyar matasa ta ƙasa, lokacin shugaba Seyni Kunce. Sarkin samari guda, ganga guda, a fita gayya a gina aji ko a share gari, ba a tambayar yaren da kake yi a gida. Kisan Buzaye da anka yi a Cintabaradan a 1990 da tawayen da ya biyo baya su sunka bar tabo a yankin nan, har anka zo sulhun 24 ga Afrilu 1995 da muke hutunshi kowace shekara. Yaran yanzu hutun kawai sunka sani. Gida guda za a gina, a fili na meri, kan iyaka. Na faɗa, kuma ba wata hanya.

Ɗan yamma da ƙorama:
Mushe, babana ma ya yi Samariya. Ya ce su ke ɗaukar laka, wasu ke riƙe tuta.

Wani ɗalibi, jami'ar Tawa:
Ni a ganina a rubuta takardar neman tallafi a kai ma ƙungiyoyin waje. Maganar zaman lafiya tsakanin al'umma suna sonta.

Ɗan bida, Abijan:
Ɗalibi, kana ƙasar nan kuwa? Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 nawa ne cikinsu sunka dakatar da taimako? Kuma wa zai ba ka kuɗɗi ba ka da ko takardar fili?

Wata uwar yara, Tawa:
Ku je wurin hakimi da shugaban Buzayen tare, rana guda, da liman. A yi kokowa ko wasan balo tsakanin gefen biyu, a zagaya da ƙwarya. Abin da babba ya sa ma hannu yaro ba ya tsallake shi.

Tsohon mushen lakwal, Tawa:
Wasan balo tsakanin gabas da yamma? A garin da ake wannan? Sai dai ku tanadi jandarma. A gauraya su ko a bari.

Ɗan Adar mai tambaya:
Na gode ma kowa, amma kamar ba a fahimce ni ba. Ni ban ware kowa ba. Yaron nan na Sabha da na ba ku labari ɗan yamma ne, Buzu ne, a kwano guda munka ci. Sau biyu na aika a gaya musu ana taro ba su zo ba. Fili kuma kyauta ne, in munka bar shi da wane ido zan dubi kawuna? Na meri sai an bi layi, kafin nan ruwa ya cinye tubali. Maganar lissafi kuwa, duk yana cikin littafina, wanda ya ba da kuɗɗi ya zo ya gani. Shawarar da nake nema ita ce yadda zan shawo kansu su ba da nasu, ba a sake komi daga farko ba.

Ɗan yamma da ƙorama:
Ka aika. Wa ka aika, kuma gidan wa anka yi taron? Kai da ƙafarka ka taɓa tsallakawa ka zauna fadarsu?

Ɗan bida, Abijan:
Ina Abijan zan zo ganin littafi? Ɗauki hotonshi ka sa nan. Nawa ya rage?

Hajiya mai albasa, Galmi:
Ko ba komi ka nemi tamfol ka rufe tubalin nan. Jiya da la'asar mun ga hadari ta gabas.