Albashi ko kamasho: yaya kuke biyan yaran da ke fitar muku da kaya?

Mai Sari, Tsohuwar Kasuwa

Assalamu alaikum. Ina sayar da sabulu, taliya, magi da man girki a sari a nan Sakkwato, kuma ina da yara shida masu zagaya shaguna da babur da keke napep. Tun farko kamasho nake ba su, naira 100 a kan kowane kwali da ya fita. Watan jiya na zauna da littafi bayan isha'i, sai na tarar kusan miliyan ɗaya da rabi na nan a waje bashi, alhali kowa ya riga ya karɓe kamashonsa ya cinye. Da na ce za mu sake lale, biyu suka ajiye mini makullin babur. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan, ubangida ne ko yaro, ya faɗa mana yadda ya yi.

Ɗan Mabera

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka yi haƙuri, ni daga ɓangaren yaran zan yi magana, don shekara huɗu na yi ina wannan aikin. Kai ka koya musu ba da bashi. In ka ce kuɗina yana kan kwalin da ya fita, to kwali zai fita ko ta halin ƙaƙa.

Ka kwatanta: watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana, kujerar babur ba ta zaunuwa don zafi, kana tsaye ƙofar wani shago a Runjin Sambo da kwali takwas ɗaure da roba. Mai shagon ya jawo durowa ya nuna maka, kuɗin kwali uku ne a ciki. Ya ce ajiye duka, Juma'a ka dawo. Ka koma da biyar ka yi asarar ɗari biyar, ko ka sauke ka huta? Saukewa za ka yi. Juma'a ta zo a ce ya tafi ta'aziyya Bodinga.

Abin da ya kore ni kuwa mai ne. Daga aljihuna nake zubawa. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kamasho kuma bai motsa ba. Na lissafa na ga gara in yi kabu-kabu da babur ɗin yayana.

Hajiya Mai Sabulu, Arkilla

Alhaji sannu da ƙoƙari. Ni sabulun ruwa da man shafawa nake haɗawa, kuma na sha irin wannan ɗacin. Yanzu ga yadda nake yi. Kowa yana da ɗan albashi tsayayye, wanda ko kasuwa ta mutu zai sayi hatsi. Kuɗin mai daban, kullum da safe. Kamasho kuma sai kuɗi ya shigo hannuna, ba ranar da kaya suka fita ba. Bashin da ya wuce sati biyu, kamashonsa ya ragu rabi, kuma wannan shagon ba ya ƙara ganin kayana sai ya biya.

Watan farko har fushi aka yi da ni, gaisuwa ma da ƙyar. Wata na uku sai na ji ɗaya yana gaya wa ɗan'uwansa kada ya kai wa wani mai shago kaya, wai mutumin "ba ya da alƙawari". Da can shi ne mai kai masa.

Wani abu kuma da maza ba ku cika lura da shi ba: mata biyu da na ɗauka sun fi kowa kawo ciniki, domin suna shiga gidajen aure inda namiji iyakarsa zaure. Ranar suna ko biki, jarka goma ba ta isar su. Kuma matan gida sun fi masu shago biyan bashi, wataƙila don kunyar haɗuwa a gidan biki.

Dattijon Kara

Mu da munka taso ba mu san kamasho ba. Yaro shi zo hannunka, ka ci da shi, ka yi mai tuhwahin salla, in ya shekara bakwai ko takwas ka yi mai aure ka ba shi jari ka sallame shi. Yaran yanzu ba su jiran wanga, kuma ban ga laihinsu ba, don iyayen gida da yawa sunka ci amanar sallamar.

Abu guda nika jan kunnenka kai, ɗana. Kada ka auna yara da mudu guda alhali ba kasuwa guda suka ci ba. Ina da yaro mai kai kaya Illela, bakin iyakar Nijar. Da anka yi juyin mulki Nijar cikin Yulin 2023 anka ruhe iyaka, mutanen Ƙonni sunka daina ƙetarowa, cinikinai ya hwaɗi warwas. Na cikin gari na ta kwasar kuɗɗi, shi ko sabulun wanki ya gagare shi. Ba lalaci ya yi ba. Na riƙa ba shi wani abu duk wata har anka buɗe cikin Maris na 2024. Yau shi ka riƙe min rabin cinikina.

Batun ɗauka kuwa, ɗan ƙanwarka ya hi kowa wuyar kora. Na ɗauki biyu, har yau uwarsu ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Bare mai wanda zai tsaya mai, limamin unguwarsu ko wani ɗan kasuwa da ka sani, ya hi min kwanciyar hankali.

Akanta, Gawon Nama

Gaskiyar Baba ce. Ni lissafi nake duba wa 'yan kasuwa, kuma ɓarakar da na fi gani tiransifa ce. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 masu shaguna suka saba tura kuɗi asusun yaron da ya kawo kaya, aka ci gaba a haka. Yaro ba ɓarawo ba ne, amma dubu ɗari uku ta kwana biyu a wayarsa, matarsa kuma ba lafiya, sai ya taɓa da niyyar mayarwa. Ka buga lambar asusun shago a jikin kowane rasit, alat ya riƙa shigowa wayarka kai tsaye.

Ta fuskar doka, mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 a Yulin 2024, amma dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aiki a kan kamasho. Don haka ba ta hau kanka ba. Sai dai yaran sun san adadin, da shi suke auna abin da kake ba su.

Malamin Islamiyya, Gidan Dare

Alhaji, kada dai ka zabge bashin nan daga haƙƙinsu kai tsaye. A fiƙihu wanda ka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan asara sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare umarnin da ka ba shi. Ka taɓa hana su ba da bashi? In ba ka hana ba, asarar taka ce. Ku rubuta sharuɗɗa a gaban shaidu biyu, kowa ya san ladan aikinsa tun kafin ya hau babur.

Mai Sari, Tsohuwar Kasuwa

Malam, ban taɓa hanawa ba, har yaba wa wanda ya fi fitar da kaya nake yi. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan tara su in gwada tsarin Hajiya, tsohon bashin kuma ni da su za mu bi shago-shago. Hajiya, nawa kike ba da na mai kullum? Ɗan Mabera kuma, in kabu-kabun ya ishe ka, makullin babur biyu na nan rataye a ƙusa.

Ɗan Mabera

Alhaji, sai na ji amsar Hajiya tukuna.