Yaya sabon malami zai sa darasi ya shiga ran yara?

Ɗalibar horon malanta, Tahoua:

Assalamu alaikum. Ina karatu a makarantar horon malamai ta Kaocen da ke nan Tahoua, kuma a watan jiya aka tura ni gwajin koyarwa a wani ajin CE1 (aji na uku na firamare), ajin zana mai yara sama da 70. Na shiga da ɗoki, na shirya waƙa da wasa domin darasin lissafi, amma kafin a yi nisa aji ya kaure da hayaniya, har malamin ajin ya ja ni gefe ya ce in bar wasa in koma ga bita da hadda kamar yadda kowa ke yi. Ni kuwa har yanzu ina ganin yaro ba ya riƙe abin da bai ji daɗinsa ba. Shin kuskuren nawa ne, ko kuwa irin wannan koyarwa ba ta dace da cunkoson azuzuwanmu ba?

Tsohon mushe (malamin makaranta), Yamai:

Wa alaikumus salam, ƴata. Niyyarki mai kyau ce, sai dai kin ɗauka cewa jawo hankalin yaro shi ne a sa shi tsalle, alhali kuwa abin da ke kama yaro shi ne ya ji an taɓo abin da ya riga ya sani. Ki duba sha'anin kuɗi. Yaron da uwarsa ke aike kasuwa da dala yake lissafi: ya san Sefa 100 dala 20 ce, ya san 250 dala 50 ce, ya san jika, wato Sefa 1000, kuma ba mai cutarsa wajen canji. Wannan yaron kullum yana rabawa da 5 a kansa, amma da zarar an rubuta 250 ÷ 5 a babban allo sai ya yi tsuru, don ba wanda ya taɓa nuna masa cewa abu ɗaya ne. Na yi shekaru ina fara wannan darasi da cinikin albasar Galmi, yaro guda ya zama mai sayarwa, sauran su yi tayi, kuma ban taɓa ganin mai gyangyaɗi ba.

Maganin hayaniya kuwa yana hannun yaran, wato ƙaramin allo. Ki bi tsarin nan na La Martinière da ake koya muku: ki yi tambaya alli yana ajiye, ki buga tebur su rubuta, ki sake bugawa su ɗaga. Da kallo ɗaya za ki gane wanda ya fahimta a cikin 70 ɗin, kuma kowane hannu yana da aikin yi.

Ɗalibin ENS (babbar makarantar horon malamai), Jami'ar Abdou Moumouni:

Baba ya yi gaskiya, amma ina ganin akwai batun harshe a ƙarƙashin misalinsa. Cinikin albasar nan da Hausa yaran ke yin sa, kuma shi ya sa yake tafiya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Zinder, ga shi kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ƙanwata, ki bari su warware lissafin da harshen gida tukuna, sannan ki ba su kalmomin Faransancin.

Ɗalibar horon malanta, Tahoua:

Na gode, Baba, na gode, Yaya. Na gwada cinikin ranar Talata da marafan kwalba a madadin kuɗi, kuma wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ita ce ta kama mai sayarwa ya rage mata dala 2. Matsalar da ta rage ita ce kusan yara 20 ba su da allo. Baba, ya halatta in haɗa su bibbiyu, ko in bar su su rubuta a ƙasa tunda ajin rairayi ne?